Ɗakin Iya Mai Wanki

A gidan kayan gargajiya da nake aiki, kowane ɗaki da jar igiyarsa a bakin ƙofa. Ɗakin maƙera da tasa, ɗakin masaƙa da tasa, na ganguna kuwa sai da aka ninka masa, don yaran makaranta ba sa iya ganin ganga su wuce. Baƙo ya zo ya tsaya bayan igiya, ya leƙa, ya ɗauki hoto, ni kuma in yi ta zuba bayani har maƙogwarona ya bushe. Aikina ke nan, zagayawa da baƙi. Ɗaki ɗaya ne tak ya daɗe ba igiya, na can ƙarshe wajen bishiyar mangwaro, kuma dalilin shi ne mai ɗakin tana nan da ranta, kullum ma sai ta zo. Kakata ce, wadda ta haifi babana. Duk unguwa Iya Mai Wanki ake ce mata.

Iya ba ta taɓa wata sana'a ba sai wanki da guga. Kakanmu tela ne, ya rasu ya bar mata yara ƙanana da keken ɗinkin da ba ta iya takawa ba. Ta sayar da keken ta sayi baho da dutsen guga na gawayi. Da su ta ciyar da babana da ƙannensa, da su ta kai su makaranta. In kun ga hannayenta, tsakanin yatsun duk ya yi fari-fari saboda sabulu, amma in ta kama zane ta matse sai kun tausaya wa zanen. Ita ba ta gane mutum da fuska, da wuyan rigarsa take gane shi. Ka ce mata, "Iya, kin tuna wane?" sai ta ce, "Wane wane? Au, mai zubar da miya a ƙirjin nan?" Ko ni jikarta, ban taɓa tsayawa gabanta ta fara duban idona ba. Sai ta gama da bakin zanena tukuna.

Da aka zo faɗaɗa titi, gidanta na cikin waɗanda aka shafa wa jan fenti, alamar za a rushe su. Babana ya ce ta dawo wurinmu, dama ya daɗe yana roƙonta. To gidanmu na haya ne, ɗakunan ba su da wani girma, wanda aka ware mata kuwa tare da firizar mamana za su zauna, don mamana ƙanƙara take sayarwa. Gadon Iya na ƙarfe mai rumfa ko ta ƙofa ba zai shiga ba. Ga randa, ga akwatin ƙarfe, ga tasoshin tagulla da ta gada wurin mahaifiyarta, ga fitila, ga mazari, ga tarkacen da ita kaɗai ta san amfaninsu. Mamana ta ce a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa. Abincin da aka aika wa Iya ranar, yadda ya je haka ya dawo.

Ni na je na ɗauko shugabanmu na wurin aiki. Siririn mutum ne, yana magana a hankali kamar akwai jariri na barci a kusa, kuma ba ya taɓa tsohon abu sai ya zura farar safar hannu. Iya na ganinsa ta jawo ni gefe.

"Wannan kuma ciwon hannu yake yi?"

"Aikinsa ne, Iya."

"Allah sarki, Mai Safa."

Sunan ya bi shi ke nan, yanzu har mai gadinmu haka yake kiransa in ya juya baya. Mai Safa ya shiga ɗakin ya tsaya cak, wallahi na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ya daɗe yana neman ɗaki irin wannan, cikakke, na mace talaka da ta ci da hannunta, ba kayan da aka tsinto ɗai-ɗai a kasuwa ba. Ya auna bango, ya ɗauki hoton kowane lungu, har ƙyauren ƙofar sai da ya sa aka cire. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki ba mu kayan nan mu adana, na baya su gani." Ta ce, "Ku ajiye min, Allah ya yi albarka." Shi a wurinsa kyauta aka yi wa gidan, ita a wurinta ajiya ta bayar. Ba wanda ya tsaya warware wannan, don katafila na bakin layi.

Da aka gama haɗa ɗakin a wurin aikinmu aka gayyato ta ta gani. Ta shiga ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce randa ba nan take ba, ta tura ta da ƙafa zuwa bayan ƙyaure. Sannan ta hau gadonta ta gyara matashi ta yi barcinta, mu duka muna tsaye har da mai ɗaukar hoto. Washegari ina shirin fita aiki na tarar da ita a bakin ƙofa, ta yafa mayafi, tsintsiya a hamata.

"Ina zuwa, Iya?"

"Ɗakina mana. Ko kin share min shi jiya?"

Tun daga nan tare muke fita kullum, ni da ita da tsintsiya.

Abin da na gani a ɗakin nan, in na ce zan ba ku duka sai mu kwana. Wata rana na shigo da baƙi daga ƙasar waje, Iya na kishingiɗe ta lumshe ido, hannu ɗaya a kan ciki. Wani dogo mai ƙatuwar kyamara ya matso yana raɗa min, wai wanda ya ƙera wannan mutum-mutumin gwani ne, dubi har tamojin fuska ya fitar. Ya sunkuya zai ɗauki yatsunta. Iya ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ke, gaya masa ya cire takalmi." Bawan Allah ya yi tsalle da baya, ƙeyarsa ta haɗu da saman ƙofa, ƙum! Ina ba shi haƙuri ina share hawayen dariya, sauran baƙin kuwa tuni sun zube takalmansu a waje.

Bayanina ma bai tsira ba. Na tara ɗalibai, na gyara murya, na nuna dutsen guga na ce, "A zamanin da, mata kan zuba garwashi a cikin wannan..."

"Wane zamanin da?" in ji Iya daga kan gado. "Shekaranjiya da aka ɗauke wuta, da me na goge wa ubanki riga?"

Ɗalibai suka fashe. Mai Safa na tsaye a bayansu, ta haka ya san dutsen gugan gidan tarihi ya kwana a waje a cikin jakar Iya.

Mutumin nan ya sha wahala, gaskiya ɗaya ce. Ya shigo ya tarar an cika randa da ruwa, Iya na miƙa wa baƙi a moɗa, wai ba a shiga ɗakinta a fita da ƙishirwa. Tasoshin tagullar nan da suka yi duhu saboda daɗewa, duhun da yake nuna wa manyan baƙi yana alfahari, ta samo toka ta dirje su har kana ganin haƙoranka a ciki. Ya dafe kai ya fita, ya zagaya bishiyar mangwaro ya dawo. Ranar tabarma ce ta fi. Ya zo da safe ya ga sabuwar tabarmar roba shimfiɗe a tsakar ɗakin, shuɗiya shar mai hoton furanni.

"Iya, ina tsohuwar tabarmar?"

"Na ba mai gadi."

"Mai gadi!"

"To, baƙi na zuwa daga uwa duniya, in tarbe su da tabarma mai huji? Su koma garinsu su ce me? Ba a yi min wannan tarbiyyar ba, ɗan nan."

Da gudu ya tafi bakin get. Ya dawo rungume da tsohuwar tabarma a kan safofinsa, mai gadi na biye yana rantsuwa ko zama bai yi a kai ba.

Ni ce a tsakiya, kuma ni ba gwanar haƙuri ba ce, kowa ya sani. A wurin aiki a kira ni ofis, "Don Allah ki yi wa kakarki magana." In koma gida babana ya tare ni, "Ki gaya wa mutumin nan ya daina takura wa tsohuwa." Na ce ku duka ku ƙyale ni, ni zagayawa da baƙi aka ɗauke ni, ba alƙalanci ba. In na yi wa Iya magana kuwa kunnen uwar shegu take yi da ni, ta ce in fara wanke bakin mayafina sannan in zo mu yi zance.

Amma kada ku ɗauka gaba suke yi. Mai Safa na son Iya, ya kuma san rabin malaman da ke kawo ɗalibai, ɗakin tsohuwar nan suke tambaya tun daga wurin sayen tikiti. In rana ta yi sanyi yakan kawo shayinsa ya zauna a bakin ƙofarta, ta yi ta ba shi labarin rigunan mutanen da suka daɗe da mutuwa. Har safofinsa ta taɓa ƙwacewa ta wanke masa, ya kuma yarda da bakinsa ba su taɓa yin fari haka ba.

Ni kuwa na san abin da ɗakin yake a wurinta, don ni nake ganinta a gida. A gidanmu Iya baƙuwa ce. Ta zauna a bakin katifa, firiza na gurnani a gefenta, ba ta san inda ake ajiye ko cokali ba. Tayil ɗin tsakar gida tsoronsa take ji, sai ta dafa bango take tafiya. In ta ɗauki bokiti mamana ta karɓe, "Haba Iya, ki huta mana." Da kyakkyawar niyya take faɗa, amma Iya hutun nan ne yake cinye ta. Tana taka ƙofar wancan ɗakin sai bayanta ya miƙe, muryarta ta dawo, ta fara ba mutane umarni. In aka raba ta da shi, ban san abin da zai rage mata ba, abin da nake tsoro ke nan.

Bayan rikicin tabarma Mai Safa ya zauna a ƙasa gabanta, ya tanƙwashe ƙafa. Ya ce, "Iya, ki shiga, ki zauna, ki kwanta, ki yi shararki. Abu uku nake roƙo. Kada ki wanke komai, kada ki goge komai, kada ki fita da komai. Kayan nan sun tsufa, ba sa ɗaukar abin da suke ɗauka da. In aka sake, dole in sa igiya kamar sauran ɗakuna, kuma in na sa, har ke ba za ki tsallaka ba." Ta dube shi ta ga ba wasa a fuskarsa. Ta ce, "To, na ji, na yi alkawari." Kuma ta riƙe, ta daɗe tana riƙe. Sau da yawa nakan leƙo in gan ta zaune a kan hannayenta, tana harar labule.

Akwai wani zane a ɗakin. A ƙasan akwatin ƙarfe aka same shi, saƙar hannu, baƙin shuni mai siraran layuka farare. Mahaifiyar Iya ce ta kaɗa zarensa ta saƙa da kanta, ta kuma rasu tun Iya na amarya, shi kaɗai ne aikin hannunta da ya rage a duniya. Mai Safa ya ce duk gidan ba abin da ya kai shi, ya shimfiɗa shi a ƙafar gado. Sai dai yana da tabo, ja-ja, faɗin tafin hannu, tsatsar akwati ce ta kama shi wata shekara da rufin Iya ya yi yoyo. Kullum da safe Iya ta ninke wajen tabon ciki. Kullum da yamma Mai Safa ya zo ya warware, don a wajen ne layukan suka fi fitowa. Ba wanda ya taɓa ce wa wani kanzil a kan wannan, haka suka yi ta yi.

Sai gidan tarihin ya tashi yin talla. Aka kafa ƙaton allo a bakin titi, inda motoci ke tsayawa, da hoton gadon Iya da zanen a kai. Hoton ya yi kyau, ba ƙarya. Amma tabon da yake faɗin tafin hannu, a kan allo ya koma faɗin faranti, tun daga tsallaken titi kana hango shi. Muna saukowa daga mota muka yi kiciɓis da ƙawar Iya, wadda ta yi shekaru tana sayar mata da gawayin guga. Bakin matar nan ba ya rufuwa.

"Mai Wanki! Ashe ke ce a bakin titi? To sannu. Kin ƙare rayuwa kina wanke na mutane, naki kuma ga shi an kafa wa duniya."

Iya ta yi dariya ta rama, ta ce ai ko ba komai ita an kafa nata, wasu ko buhun gawayinsu ba a kafa ba. Suka tafa suka rabu. Amma ranar ba ta gyara min bayani ko sau ɗaya ba, da za mu shiga mota da yamma kuma ta juya wa allon baya.

Ranar da muke rufe gidan a mako, na makara ina barci. Cikin barcin na ji ruwa na zuba a famfon bayan gida, na ji kuma wani ɗan gunji da Iya ke yi a maƙogwaro in tana wanki, wanda rabona da jinsa tun tsohon gida. Na yi zumbur na tashi. Na fito ko ɗankwali babu.

Tana tsugune gaban baho, ta ɗaure zane a ƙirji, fuskar nan fes kamar an ba ta kyautar gida. A cikin bahon, ƙarƙashin ruwa, na ga siraran layuka farare.

"Iya! Me kika yi?"

"Rage murya, sai kin tara min jama'a? Zanen nan ne na taho da shi jiya a jakata, tun asuba na jiƙa shi. Ɗan lemon tsami da gishiri ne kawai, ba sabulu mai ƙarfi, ni ba yarinya ba ce. Ya sha iska a inuwa, in goge shi ta ciki, gobe in mayar. Mai Safa ko sani ba zai yi ba."

"Don girman Allah kada ki taɓa shi. Bari in kira shi ya zo."

"Ke za ki koya min wanki? Ni na wanke ubanki da kayansa."

Ta zura hannu, ta tattaro wajen tabon tsakanin dunƙulenta biyu, yadda ta yi wa riguna ba iyaka, ta murza sau ɗaya. Ko ƙara bai yi ba. Zanen ya rabu a hannunta kamar jiƙaƙƙen burodi. Ta yi sauri ta kamo ta wani gefen don ta ɗaga, yatsunta suka ratsa ta ciki suka fito. Ruwan ya yi baƙi, zare na yawo a sama.

Ta ɗago hannayenta tana kallonsu, guntayen zare manne a yatsu. Ta ce, "Inna." Tunda nake ban taɓa jin ta kira mahaifiyarta ba. A hankali ta faɗa, kamar yarinyar da ta yi ɓarna ta ga an shigo. Famfo na ta zuba, ni na je na kashe.

Na kira Mai Safa. Ya zo a kan babur da kayan zaman gida, safar ma bai ɗauko ba. Na shirya masa, na ce in ya ɗaga wa kakata murya yau sai dai a kore ni. Bai ɗaga ba. Ya ce kada a zubar da ruwan, kada a matse komai, a ba shi farin ƙyalle da faffaɗan katako. Ya durƙusa a kan tayil ya zura ƙyallen ta ƙarƙashi, ya ɗago abin da ya rage a hankali a hankali, gumi na ɗiga ta haɓarsa. Da zai tafi ya rusuna ya ce, "Iya, sai haƙuri." Ba ta ɗago kai ba.

Ta daina zuwa. In na fito da safe ba kowa a bakin ƙofa, tsintsiyar na jingine a bayan firiza. Abinci sai babana ya zauna ya tsare ta take taɓawa. Malamai na tambayata ina tsohuwa, in ce ba ta jin daɗi. Shi kuma Mai Safa ya kulle kansa a ɗakin gyara, da hantsaki da gilashin ƙara girma, yana jera guntayen zanen ɗaya bayan ɗaya a kan farin allo.

Ranar da na ga kafinta a ƙofar ɗakin Iya yana auna inda zai kafa ƙugiyar igiya, raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na faɗa ofis ba sallama ba komai. Na ce masa shi ya jawo. Na ce wa ya aike shi ya kafa wa mai wanki tabo a bakin titi? Matar da duk mutuncinta a garin nan shi ne ba a taɓa mayar mata da riga an ce ba ta fita ba? Na ce ya karɓe mata gado, ya karɓe mata randa, yanzu ƙofar ma zai karɓe. Na faɗi wasu maganganun da ba a gaya wa shugaba, ya bar ni har na gaji don kaina.

Sannan ya ce, "Kin yi gaskiya a kan hoton. Wallahi ni layukan kawai nake gani, tabon bai taɓa zame min abin kunya ba, ban kuma tsaya na tambayi wadda zai zame wa ba." Ya murza idonsa. "Zan sa a sauke allon. Zanen dole ya shiga gilashi, wannan ba makawa. Amma ɗakin nan ba ya min daɗi ba ita. In za ta sake ba ni alkawari, zan sallami kafinta yanzu."

Ban jira an tashi ba, na kama hanyar gida, ina tafe ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Na same ta a bakin katifa. Na zayyane mata komai, har da yadda na wanke shi tas, don na san za ta ji daɗin wannan. Ta saurara har ƙarshe.

"Yaron kirki ne," ta ce. "Ki ce masa ya sa igiyar."

"Iya, ba ki ji ni ba ne? Ya ce ya fasa!"

"Na ji ki, ba kurma ba ce ni."

"To mene ne? Na je na zubar da mutuncina a ofis saboda ke, ki ce a sa igiya?"

Ta miƙo min hannayenta, ta juya su ciki da baya. "Wancan karon ma na yi alkawari, kuma da zuciya ɗaya na yi. Waɗannan ne ba su yi ba. Tun ina ƙuruciya nake koya musu in sun ga datti kada su bari, da haka na ciyar da ubanki. Yanzu da tsufana zan ce su manta? Akwai rigar matashi, akwai labule, akwai ƙyallen da Inna ke rufe tasoshi. Duk na gan su, kullum ina zaune suna kirana. In na koma, ko ba daɗe ko ba jima sai na kai su baho. Na cinye guda, ya isa. A tsare sauran."

Na yi faɗa, na yi magiya, na kira babana shi ma ya yi nasa. Iya ta kafe. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, rabi don tausayi rabi don haushi, don na san gaskiyarta ce kuma ban so ta zama gaskiya ba. Washegari kafinta ya dawo.

Sharar ɗakin ta dawo kaina. Kafin a buɗe wa baƙi nake yi, da safar hannu da ɗan burushi mai laushi, yadda aka koya mana. Zanen na cikin akwatin gilashi a gefen gado, an jera shi da kyau, da giɓi a tsakiya inda ba a samu abin cikewa ba.

Wata safiya, bayan an kwana biyu, ina durƙushe a ciki ina bin ƙafar gado da burushi, na ji jan silifa a kan siminti, tafiyar da zan gane ko cikin kasuwa. Na juyo. Iya ce, ita kaɗai ta hau mota ta zo. Ta sa atamfarta ta zuwa unguwa, an goge ta har tana ɗaukar ido. Ta tako har bakin igiya ta tsaya, ta mayar da hannayenta baya ta harɗe su.

"Salamu alaikum," ta ce.

Na waiga in ga wa take wa, ba kowa a ɗakin sai ni. Tunda aka haife ni, ni ke tsayawa a bakin wannan ƙyauren in yi sallama, ita ta amsa daga ciki. Na miƙe tsaye da burushin a hannuna. Ita kuwa tana tsaye tana jira, ba ta matso ko taku ɗaya ba.

"Wa alaikumus salam," na ce da ƙyar. "Sannu da zuwa, Iya."

"Yawwa, 'yar nan," ta ce. "Ina fatan dai ban katse miki aiki ba."